Zana alƙaluman kafofin sada zumunta

Zana alƙaluman kafofin sada zumunta shi ne mayar da lambobin da Facebook, Instagram, YouTube da makamantansu ke tarawa zuwa zane, domin ido ya kama abin da dogon jerin lambobi ke ɓoyewa. Ana sauke bayanan daga Meta Business Suite (manhajar kula da shafukan Facebook da Instagram) ko YouTube Studio a fayil ɗin CSV, wato fayil mai ɗauke da bayanai a jere kamar tebur, a buɗe su a Excel ko Google Sheets. Mai son rahoton da ke sabunta kansa yakan koma manhajojin haɗa rahoto irin su Looker Studio, Power BI ko Tableau. Su kansu zanukan sun girmi intanet nesa ba kusa ba: William Playfair, wani injiniya ɗan Scotland, ya wallafa zanen layi da na ginshiƙai a 1786, na da'ira kuma a 1801.

Tambaya ce ke zaɓar zane. Ƙaruwar mabiya kwana bayan kwana, layi take so. Kwatanta bidiyo da hoto da rubutu kuwa aikin ginshiƙai ne. Don gano lokacin da masu bibiya suka fi motsi, ana jera kwana 7 da awa 24 su ba da gida 168, a rina kowane gida da launi gwargwadon yawan mu'amala, wato danna alamar so, yin sharhi da tura saƙon ga wasu. Da'ira ba ta da amfani idan kashi ya yi yawa, don ido ba ya iya auna kusurwoyi masu kusanci.

Mafi yawan kuskure kafin zane ake tafka shi. Adadin mutanen da saƙo ya kai gare su daban, adadin sau nawa aka nuna shi daban. Na biyun ana iya tara shi, na farkon ba a tarawa: wanda ya ga saƙo Litinin ya sake gani Talata, mutum ɗaya ne, amma jimlar kwanakin za ta ƙirga shi sau biyu. Haka nan yawan mu'amala, sai an raba shi da waɗanda saƙon ya kai wa. Mu'amala 240 daga mutum 6,000 kashi 4 cikin 100 ke nan. Idan wani rahoto ya raba da yawan mabiya, ba a ɗora alƙalumansa da waɗannan a zane ɗaya. Ga kuma batun agogo: YouTube na yanke kwana da lokacin gaɓar yammacin Amurka, don haka ranarsa ba lallai ta dace da ta wani dandali ba.

Ginshiƙai dole su tashi daga sifiri. A fara su daga 900, sai 950 ya zama kamar rabin 1,000. Layin kullum kan yi ta hawa da sauka saboda ƙarshen mako, kuma matsakaicin kwana 7 na gyara wannan. Saƙo guda da ya bazu fiye da kima yana jan matsakaici sama, shi ya sa adadin da ke tsakiyar jeri ya fi faɗin gaskiya. A kuma guji haɗa ja da kore su kaɗai, domin akwai masu karatun da ba sa bambance su. Shuɗi da ruwan lemo sun fi.