Waiwaye: Yadda Likitoci Suka Koyi Gyara Ciki Ba Tare da Tsaga Shi Ba

A shekarar 1868, wani likitan Jamus mai suna Adolf Kussmaul ya nemo mai wasan haɗiye takobi a garin Freiburg, ya zura masa miƙaƙƙen bututun ƙarfe ta baki har cikin tumbi. Bututu ya shiga lafiya lau, sai dai duhu ya hana ganin abin kirki. Da ma tun 1806 Philipp Bozzini ya yi ta fama da wannan matsala ta haske, da kyandir da madubi.

Ga kuma matsalar lanƙwasa, domin hanyar abinci ba miƙe take ba. Rudolf Schindler ya fito da na'urar da ɓangarenta ke tanƙwaruwa a 1932, amma sai a 1957 Basil Hirschowitz, a Jami'ar Michigan ta Amurka, ya haɗa bututu mai laushi da siraran zaren gilashi masu ɗaukar haske. Kafin ya gwada a kan majiyyaci, shi ya fara haɗiye abinsa.

Duk wannan leƙe ne kawai. A ganina, an shiga sabon zamani ne ranar da aka fara zura kayan aiki ta ƴar kafar da ke cikin bututun. A 1969, a birnin New York, William Wolff da Hiromi Shinya suka riƙa shiga babban hanji ta dubura, su zarga wa tsiron naman da ke fitowa a jikin hanjin siririyar waya kamar tarko, su sakar mata lantarki, tsiron ya yanke, wurin ya ƙone yadda jini ba zai zuba ba. Irin wannan tsiro ne kan rikiɗe ya zama sankara, kuma a da sai an buɗe ciki kafin a kai gare shi. Zuwa 1974, likitoci a Jamus da Japan sun soma buɗe bakin hanyar matsarmama ta bututu don fitar da tsakuwa.

Likitocin fiɗa ba su karɓi sauyin hannu bibbiyu ba. Erich Mühe ya cire matsarmama ta ƙaramar huda a fatar ciki a 1985, amma da ya gabatar da aikin ga ƙungiyar likitocin fiɗa ta Jamus, sai aka yi masa kallon hadarin kaji. Bayan Philippe Mouret ya yi irinsa a Lyon ta Faransa a 1987, cikin ƴan shekaru salon ya game duniya, ganin majiyyata na tashi da wuri, tabon kuma ɗan ƙarami.

Japan ce ta ƙara matsawa gaba: ana ɗaye sankarar tumbi da ba ta yi nisa ba daga ciki, kuma a 2008 Haruhiro Inoue ya zura bututu ta baki ya yanka tsokar ƙasan hanyar abinci, ga masu lalurar kasa haɗiya. Ƙaramin hanji kuwa, mai wuyar shiga, an samar masa kyamara mai girman ƙwayar magani, wadda Amurka ta amince da ita a 2001. Ana haɗiye ta, tana tafe tana ɗaukar hoto, amma har yanzu idan ta hango tsiro, bututu ake aikawa ya ciro shi.