Wasan Daɓe na Kiɗa da Waƙa

Wasan daɓe na kiɗa da waƙa nau'in wasan kwaikwayo ne da ake yi a gaban jama'a, inda ake haɗa zance da waƙa da rawa don a ba da labari guda. A opera, wato wani tsohon salon wasan waƙa na Turai, kusan komai rerawa ake yi. A nan kuwa 'yan wasa suna magana irin ta yau da kullum, sai idan abin da ke zuciya ya fi ƙarfin zance su ɗauko waƙa. Manyan cibiyoyinsa biyu su ne unguwannin gidajen wasa na Broadway a birnin New York na Amurka da West End a Landan.

Asali

Tun ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Girkawa suna sa 'yan amshi a wasanninsu, suna waƙa suna rawa. Amma salon da aka sani yau ya fara bayyana ne a Turai daga ƙarni na 18. A 1728 John Gay ya fito da The Beggar's Opera a Landan. Ya ɗauki karin waƙoƙin da talakawa suka riga suka haddace, ya sa musu sababbin baitoci, ya ba da labarin ɓarayi da 'yan fashi yana yi wa manyan gari habaici. A Faris, Jacques Offenbach ya yi fice da wasannin barkwanci masu kiɗa daga shekarun 1850, sannan a Ingila Gilbert da Sullivan suka yi wasanni 14 tare tsakanin 1871 da 1896.

A Amurka ana yawan ƙirga farko daga The Black Crook na 1866, wanda ya haɗa tawagar 'yan rawa daga Turai da wani labarin tsafi. Yakan ci fiye da awa biyar, duk da haka an nuna shi sau 474. Labarin dai ba shi da wani ƙarfi, ado da rawa ne suka ja jama'a. Haka aka yi shekaru da dama ana tafiya: waƙa ƙawa ce kawai, ana iya cire ta daga wannan wasa a sa a wancan ba tare da kowa ya lura ba.

Gudummawar baƙar fata

Akwai tarihi mai ciwo a nan. A ƙarni na 19 wasan da ya fi farin jini a Amurka shi ne na fararen fata masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don izgili, alhali kuwa kiɗa da rawar da suke kwaikwaya na mutanen da suke ci wa fuska ne. A 1903 Bert Williams da George Walker suka kai In Dahomey babban gidan wasa na Broadway, baƙar fata ne suka rubuta shi kuma su suka taka. A 1921 Shuffle Along na Eubie Blake da Noble Sissle ya shigo da kiɗan jaz da rawa mai zafi, har sauran masu shirya wasa suka bi sawu.

Lokacin da waƙa ta ɗauki labari

Babban sauyin ya zo da Show Boat a 1927, wanda Jerome Kern ya yi wa kiɗa, Oscar Hammerstein II ya rubuta. Labarin 'yan wasa ne da ke yawo a jirgin ruwa a kan kogin Mississippi, kuma ya taɓo abubuwan da ba a saba jin su a irin wannan dandali ba: wariyar launin fata, haramta aure tsakanin baƙi da fari, caca, mijin da ya gudu ya bar iyali. Kowace waƙa ta fito ne daga halin wanda ke rera ta. In aka cire ta, labarin ya yi giɓi.

Hammerstein ya ƙarasa wannan aiki tare da mai kiɗa Richard Rodgers a Oklahoma! na 1943. Maimakon a buɗe labule da jerin 'yan mata masu rawa kamar yadda aka saba, sai aka fara da muryar mutum ɗaya daga bayan dandali. Agnes de Mille, mai tsara rawar, ta yi amfani da rawa zalla wajen nuna mafarki da fargabar jarumar. An nuna shi sau 2,212, kuma shi ya zama ma'auni ga waɗanda suka biyo baya, irin su My Fair Lady a 1956 da West Side Story a 1957, wanda ya ba da labarin rikicin 'yan daba a unguwannin New York. Wannan zamani ya cancanci yabon da ake yi masa, domin a cikinsa ne marubucin labari da mai kiɗa da mai tsara rawa suka koyi yin aiki da manufa ɗaya.

Daga 1980 zuwa yau

A shekarun 1980 Landan ta karɓi ragama da manyan wasanni masu cin kuɗi, waɗanda ake kwafa a ƙasashe da harsuna daban-daban: Cats a 1981, Les Misérables da Turanci a 1985, da The Phantom of the Opera na Andrew Lloyd Webber a 1986. Wannan na ƙarshe ya zauna a Broadway daga 1988 har zuwa Afrilun 2023, babu wasan da ya kai shi daɗewa a can. A 2015 Lin-Manuel Miranda ya ba da tarihin kafuwar Amurka da kiɗan hip-hop a Hamilton, yawancin 'yan wasansa ba fararen fata ba ne.

A Afirka

A Johannesburg an nuna King Kong a 1959, labarin wani ɗan dambe, Todd Matshikiza ya yi kiɗan, kuma ya ƙara fito da sunan mawaƙiya Miriam Makeba. Sarafina! na Mbongeni Ngema, kan boren ɗaliban Soweto na 1976, ya isa Broadway a 1988. A Najeriya, Hubert Ogunde ya fara wasanninsa na Yarbanci masu ganga da waƙa a 1944, a kan tushen al'adar gida. Fela!, wanda aka gina kan rayuwa da kiɗan Fela Kuti, ya hau Broadway a 2009, aka kawo shi Legas a 2011.