Wai me ya sa ake ta zancen abincin Houston ne kwanan nan?

Ina ne ma Houston ɗin, kuma da can ba garin mai ba ne?

Garin mai ne, har gobe. Yana jihar Texas a kudancin Amurka, shi ne na huɗu a yawan jama'a bayan New York da Los Angeles da Chicago, mutum wajen miliyan 2.3 a cikin gari kawai banda na kewaye. Da an ce Houston abin da ke zuwa wa mutane shi ne kamfanonin mai da cibiyar NASA da manyan asibitoci, mu kuma sai ɗan Najeriyar nan Hakeem Olajuwon da ya ciyo wa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Rockets kofi a 1994 da 1995. Ba wanda ke hawa jirgi ya je can don cin abinci, in ana zancen girki a kudu New Orleans ake nufi. To yanzu abin ya canza.

Me ya canza shi?

A ganina baƙi ne. Bayan yaƙin Biyetnam ya ƙare a 1975 dubban mutanen can suka zo suka zauna a gaɓar tekun Texas saboda akwai zafi da kamun kifi irin na gida, ga mutanen Mekziko da dama can suna nan, ga Indiyawa da 'yan Pakistan a titin Hillcroft, wanda a 2010 aka raɗa wa unguwar sunan Mahatma Gandhi, sai kuma 2005 guguwar Katrina ta koro mutanen jihar Louisiana da tukwanensu. Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba, Houston ba ta da dokar nan ta raba gari a ce nan gidaje nan kasuwa kamar sauran manyan biranen Amurka, kuma haya da sauƙi in ka gwada da New York, shi ya sa mutum zai kama ɗan shago tsakanin mai wanki da mai gyaran waya ya ɗora tukunya. Mafi yawan abincin da ake yabo a irin waɗannan shagunan yake, ba a cikin dogayen benaye ba.

To wane abinci ne nasu na kansu?

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne wanda suke kira Viet-Cajun. Wasu ƙananan halittun ruwa ne dangin jatan lande, mutanen Louisiana suna dafa su a ruwan yaji, sai 'yan Biyetnam na Houston suka ce bari mu ƙara, bayan an tsame sai a juye su a leda ko kwano a kwarara bota da tafarnuwa himili guda da yaji a girgiza. Da hannu ake ci, ka murɗe kai ka ɓare wutsiya, man yana bin gwiwar hannu, tebur ya cika da ɓawo, naman ciki kuma bai fi lomar yaro ba, wahalar ta fi cin yawa amma mutane layi suke yi. Lokacinsa daga wajen Janairu zuwa Yuni, kuma titin Bellaire ne matattararsa.

Sai gashin Texas, ƙirjin saniya da ake shafa wa gishiri da masoro a bar shi cikin hayaƙin itace awa 12 ko fiye, a wuta mai sanyi-sanyi, har bayan ya yi baƙi cikin ya yi laushi. Kamar balangu ne da aka yi wa haƙurin kwana guda. A kan takarda ake yanka maka a auna, in ya ƙare ya ƙare sai gobe. Akwai kuma fajita, gasasshen nama a naɗe cikin burodin Mekziko mai faɗi, wanda Ninfa Laurenzo ta yi suna da shi bayan ta buɗe gidan abincinta a titin Navigation a 1973.

Shi wannan tauraron Michelin da ake ta faɗa fa?

Michelin dai kamfanin taya ne na Faransa, eh taya ta mota, tun 1900 suke buga littafin jagora don direbobi, daga baya ya koma ma'aunin gidajen abinci na duniya, suna ba waɗanda suka yi fice tauraro ɗaya zuwa uku. Sai a Nuwamba 2024 suka shigo Texas, a Houston ma aka yi bikin, gidaje 15 suka samu tauraro ɗaya-ɗaya a faɗin jihar, 6 daga ciki na Houston da kewaye: March, Le Jardinier, BCN, Musaafer mai girkin Indiya, Tatemó da ke sarrafa masara irin ta Mekziko, da CorkScrew masu gashi a garin Spring. A shekarar ba wanda ya samu biyu. Amma fa a sani hukumomin yawon buɗe ido na biranen sai da suka biya kuɗi kafin Michelin ta zo, ba sayen tauraro ba ne, kuɗin kawo masu dubawa ne, sai dai hakan na nuna maka ba ranar abincin ya fara daɗi ba. Kafin nan Chris Shepherd ya ci kyautar James Beard ta gwanayen girki a Amurka a 2014, Justin Yu a 2016, Hugo Ortega a 2017, sai Benchawan Painter mai girkin Tailan a 2023.

Akwai abincinmu kuwa?

Sosai ma. Houston na cikin garuruwan da 'yan Najeriya suka fi yawa a Amurka, in ka bi titin Bissonnet da unguwar Alief za ka ga jalof da egusi da farfesu da tsire, wanda su suya suke ce masa. Mafi yawan masu gidajen daga kudancin Najeriya suke, don haka kar ka je kana neman tuwo miyar kuka. Wanda ya fitar da abin waje shi ne gidan abincin ChòpnBlọk na Ope Amosu, ya fara a cikin ginin POST a 2021, a 2024 ya buɗe babba a unguwar Montrose inda turawa da kowa ke zuwa.

Musulmi zai iya ci hankali kwance?

Zai iya amma sai da tambaya. Wajen Hillcroft gidajen halal sun yi yawa, na Pakistan da na Larabawa da Turkawa. Inda matsalar take shi ne wuraren gashi, haƙarƙarin alade na cikin murhu ɗaya da na saniya, wuƙa ɗaya katako ɗaya. A gidajen Mekziko kuma sau da yawa da kitsen alade ake soya wake, har burodin ma wani lokaci, sannan tukunyar jatan landen nan ana yawan jefa tsiran alade a ciki. Ka tambaya kafin ka yi oda, ba sa jin haushi.

Tsada fa?

Ya danganta. Wuraren tauraro irin March sai ka kama kujera tun da wuri kuma kuɗin ba na wasa ba ne, amma kwanon miyar taliyar Biyetnam a Bellaire talaka ma zai iya. Kawai ka tuna farashin da ke kan takarda ba shi za ka biya ba, akwai haraji kashi 8.25, ga ihsanin ma'aikaci kashi 18 zuwa 20 wanda a can kusan dole ne. Kuma ka tanadi mota, garin a baje yake, daga wannan gidan abinci zuwa wancan sai ka yi minti arba'in a kan babban titi.