Waiwaye: Daga Fijo zuwa motar lantarki, wa rangwamen haraji yake isa wa a Kano?

A watan Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, daga kan motocin da ke aiki da lantarki, tare da iskar gas ta CNG da wasu kayan makamashi. Labari ne mai daɗin ji, amma ba za a gane nauyinsa a Kano ba sai an koma baya an duba yadda Bakano ya saba mallakar mota tun asali.

Akwai lokacin da ma'aikaci ke sayen mota sabuwa dal. Bayan ƙarin albashin da kwamitin Udoji ya kawo wa ma'aikatan gwamnati, malamin makaranta ko akawu yana karɓar rancen mota a wurin aiki, a riƙa cira a albashinsa. A 1975 kamfanin Peugeot (Fijo) ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Volkswagen yana Legas, daga baya Steyr ya zo Bauchi, a nan Kano kuma aka riƙa harhaɗa manyan motocin Fiat. Fijo 504 ta zama motar gwamnati, motar alhaji, motar tasha. Abu biyu ne suka riƙe wannan zamani: naira mai daraja da bashi mai sauƙin biya. Da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP ya zo a 1986, duka biyun suka tafi.

Daga nan aka shiga zamanin 'yar Kwatano. Motar da Bature ya gama mora a Beljiyam ko Jamus ita ce sabuwarmu, ana sauke ta a tashar ruwan Kwatano da ke ƙasar Benin, a biyo da ita ta Nijar ko ta daji. Dillalai suka yi arziki, Ƙofar Ruwa ta cika da kayan gyara, kanikawa suka ƙware har yaro ɗan shekara 15 yana jin ƙarar inji ya ce maka ga abin da ya lalace. Ciniki kuwa ya koma kuɗi hannu. Wanda bai tara ba, sai dai ya jira wani ya gaji da tasa.

Gwamnati ta sha gwada juya wannan kasuwa da haraji. Manufar motoci ta 2013 ta kai kuɗin fito da na ƙari zuwa kashi 70 cikin 100 a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, don a tilasta harhaɗawa a gida. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. Dokar kuɗi ta 2020 ta dawo ta sassauta harajin ƙarin. Duk wannan kai-komo bai sa sabuwar mota ta dawo hannun ma'aikaci ba, tsohuwar ce dai ta ƙara tsada.

A cikin wannan hali motar lantarki ta iso. A farkon 2021 hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ƙarƙashin Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana Chevrolet Volt a Amurka, ta nuna motar lantarki ƙirar Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas. Aka kuma buɗe wurin caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Farashin Kona a lokacin ya kai wajen naira miliyan 24, mafi ƙarancin albashi kuma 30,000 ne. Wato albashin sama da shekara 66, ba ci ba sha. Shi ya sa mutane suka kalle ta a talabijin suka ci gaba da harkarsu, don litar fetur ba ta kai naira 200 ba.

Ranar 29 ga Mayun 2023 ce ta sauya lissafin. Aka cire tallafin mai, lita ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Sai dai makonni kaɗan bayan cire tallafin aka saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta zarce 1,500 a 2024. Abin takaicin ke nan. A duniya batir yana ta araha, daga sama da dala 1,000 kowace kilowat-awa a 2010 zuwa ƙasa da 120 a 2024, kamfanonin Sin irin su BYD suna ta karya farashi, amma faɗuwar naira ta cinye mana wannan sauƙin tun kafin jirgi ya iso tashar ruwan Apapa da ke Legas.

To nawa ne rangwamen? VAT kashi 7.5 ne. A ce mota ta naira miliyan 40, an sauke wa mai saye miliyan 3. Wanda zai iya fitar da sauran, da ma ba wannan ne ya hana shi saye ba. A Norway rangwamen haraji ya yi aiki har kusan motoci 9 cikin 10 da aka saya sababbi a 2024 na lantarki ne, domin can mutane sababbi suke saye, kuma ba a ɗauke musu wuta. Amurka ma ta daɗe tana ba da rangwamen dala 7,500, har ta dakatar a ƙarshen Satumban 2025. Mu kuwa a Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta a rana, fiye da sau uku, a Oktoban shekarar kuma Kano da yawancin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan wuta. Mai mota ɗaya tilo ba zai manta da wannan ba ranar da zai zaɓi abin hawa.

Ni a ganina ana neman maganin a inda ciwon ba ya nan. Abin hawan Kano ba motar gida ba ce, Adaidaita Sahu ce. Ta shigo a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, ta mamaye gari bayan gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a Janairun 2013. Dubi direbanta: tun asuba yake kan titi, daga Kabuga zuwa Bata, daga 'Yankaba zuwa Kasuwar Kurmi, tafiyar cikin gari ce wadda ba ta fi ƙarfin batir ba. Da dare ya cire kuɗin mai, ya cire balas na mai babur, ya sayi awo da abin da ya rage. A wurinsa kowace lita da aka rage abinci ne. Kuma shi har yanzu yana iya mallakar abin hawa ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, tsarin da ma'aikaci ya rasa tun 1986. A Maiduguri tuni Mustapha Gajibo ya nuna ana iya ƙera ƙananan bas masu lantarki a Arewa.

Don haka rangwamen da zai taɓa Kano shi ne wanda zai sauka a kan batir, da farantan sola, da rumfunan musayar batir a bakin tasha, da bashin da babu ruwa a ciki, wanda mutanenmu za su karɓa da kwanciyar hankali. Sai kuma horar da kanikawa. Nan da 'yan shekaru tsofaffin motocin lantarki za su fara cika wuraren dillalai kamar yadda na Kwatano suka yi, kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 yana gajiyar da batir. Mai saye yana buƙatar wanda zai auna masa lafiyar batirin kafin ya miƙa kuɗi, domin idan ya mutu, canza shi kan iya cin kaso mai tsoka na kuɗin motar gaba ɗaya.