Allurar ɗaga jini: daga ina gardamar ta faro?

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi, Ghana, har yanzu maganar ba ta lafa ba. An kwantar da mutum, jininsa ya faɗi, an ɗaura masa wata allura da na'ura ke turawa kaɗan-kaɗan, ya cika, dangi suka ce allurar ce. Wasu kuma na tambayar yadda za a ba Alhaji ƙwayar sauke jini, a yi wa Hajiya allurar ɗaga shi a ɗakin tiyatar haihuwa. Tambaya ce mai ma'ana, su kansu masana sun yi shekara hamsin tana ɗaure musu kai.

A 1895 Oliver da Schäfer a Landan suka nuna cewa ruwan wata 'yar tsoka da ke saman ƙoda yana ɗaga jinin kare. A 1901 Jokichi Takamine ya tace adirenalin daga cikinta. A 1946 Ulf von Euler na Suwidin ya gano noradirenalin, wanda jijiyoyin da ke aiki ba da umarninmu ba suke saki. Amma me ya sa abu ɗaya zai matse wata hanyar jini, ya buɗe wata, ya zaburar da zuciya, ya sassauta hanyar numfashi?

Amsar ta fito a 1948 daga Raymond Ahlquist, malamin ilimin magunguna a Augusta ta jihar Jojiya, Amurka. Ya ɗauki sinadarai 6 'yan gida ɗaya da adirenalin, ya gwada su a kan karnuka, kyanwoyi, ɓeraye da zomaye, yana jera su daga mai ƙarfi zuwa mai rauni a kowace gaɓa. Sai jerin ya fito iri biyu tak. Wanda ya fi kowa iya matse hanyar jini, ba shi ne kan gaba wajen zaburar da zuciya ba. Ya ce ashe bambancin yana wajen masu karɓar saƙon sinadarin a jikin gaɓoɓi, ya kira su alfa da beta. Alfa ke matse hanyoyin jini. Beta ke sassauta wasu hanyoyin da na numfashi, kuma abin mamaki, ita ce ke ƙara wa zuciya gudu da ƙarfi. Kusan shekara goma aikin yana ajiye ba mai waiwayarsa, sai a 1958 da aka samu sinadarin da ke toshe beta kaɗai. James Black na Birtaniya ya ɗora a kai, ya haɗa maganin rage wa zuciya gudu a farkon shekarun 1960, ya samu kyautar Nobel a 1988.

Ku dubi yaro mai wankin mota: ko ya danne bakin tiyo da babban yatsa ruwa ya yi ƙarfi, ko ya ƙara buɗe famfo; danne tiyon shi ne aikin alfa a hanyoyin jini, buɗe famfon shi ne aikin beta a zuciya. Allurar kashin baya da ake yi wa mai haihuwa tana sakin hanyoyin jini, shi ya sa ake ba ta fenilefirin, mai taɓa alfa, ya matse su. Wanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsa har ya zube, noradirenalin ake fara ɗaura masa, kuma cikin mintuna kaɗan jiki ke cinye shi, dalilin na'urar ke nan. Ba a kai wa ga wannan allura sai ciwo ya riga ya ci ƙarfin mutum. Atenolol kuwa, ƙwayar sauke jinin Alhaji, beta yake toshewa, don haka mai asma da ya ari irin wannan ƙwaya a wajen maƙwabci yana iya jefa numfashinsa cikin haɗari.

Abin da ke ci min rai shi ne, wannan ilimi ya shiga littattafan likitoci tun kakanninmu na da ƙuruciya, amma har yau bai shigo zango da Hausa ba. Dangi na tsaye a bakin ƙofa, suna hango na'ura tana ƙyafta wuta, bayanin da ke isowa gare su jimla biyu ne da Turanci ko Tuwi, sauran kuma a majalisar shayi ake ƙarasa shi.