Tiyon fawa sitiyari a motar da aka yi wa canji: tambayoyin da ake yawan yi min

Kusan kullum sai wani ya shigo gareji nan Sabon Gari da motar da aka canza wa inji ko aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, yana kukan sitiyari ya yi tauri, mai na ɗiga. Ga abin da nake gaya musu.

Tiyo nawa ne a fawa sitiyari?

Manya biyu ne. Ɗaya yana ɗauko mai daga famfo zuwa rak, wato ƙarfen da ke juya tayoyin gaba in ka murɗa sitiyari, shi ne mai firesha, kuma in ka murɗa sitiyari har ƙarshe firesha ɗin yana iya wuce psi 1,000 (psi ma'aunin firesha ne). Ɗayan kuma shi ke maido da man cikin kwalbar da ake zuba shi, ba shi da wani ƙarfi, kilif ne kawai ke riƙe shi. Motar da sitiyarinta na lantarki ne kamar Corolla 2009 zuwa sama ba ta da ko ɗaya.

Me ya sa motar da aka yi wa canji ta fi fasa tiyo?

Saboda kamfani ya auna tiyon ne da inda famfo da rak suke tun asali. Da an sa wani inji ko an juya sitiyari sai famfo ya koma wani wuri, tiyon ya gaza ko ya yi tsawo, sai a ja shi da ƙarfi ko a lanƙwasa shi a cusa, a ce ai ya shiga. Kwanaki wani ɗan'uwa ya kawo mota daga Samaru, ina buɗe bonet na ga tiyon kwance daf da bakin salansa inda ta fito daga inji, robar ta gasu ta tsattsage kamar faso, ka taɓa ta tana marmashewa. Wallahi gabana ya faɗi, don man nan in ya feso kan ƙarfe mai zafi wuta yake kamawa, ga shi da iyali yake hawa titin Kaduna.

To ba za a iya naɗe shi da robar tyub a ɗaure ba?

Mai firesha kam a'a, ko kaɗan. Kilif ma ba ya riƙe shi. Ko dai a sa sabo, ko ka cire tsohon ka kai wa masu matse tiyon tifa da tarakta su yanka maka daidai tsawon da motarka ke buƙata yanzu, su matse bakin da mashin. Ga motar da aka yi wa canji na fi son wannan a kan na beljiyom, don na beljiyom tsawon kamfani zai zo da shi, ka koma gidan jiya. Ka tabbatar zaren bakin ya dace da na famfo da na rak, kuma a sa sabuwar washa ko zoben roba, kar a maida tsofaffin. In an zo ɗaurawa a nisanta shi da salansa da fanbel, a kafe shi yadda ba zai riƙa goga jikin ƙarfe ba, amma a bar masa ɗan sassauci tunda inji yana motsi.

Na komawar fa?

Shi da sauƙi, a yanke a sa wani da kilif mai kyau. Amma a sa wanda aka yi don mai, na ruwa kumbura yake yi ya yi laushi.

Wane mai zan zuba?

Ka duba murfin kwalbar. Yawancin tsofaffin Toyota jan man giya suke sha, ATF, amma Honda tana da nata daban, in ka zuba mata ATF za ka lalata sil, robar da ke hana mai yoyo.

An gama gyara amma famfo na kuka, me ya faru?

Iska ce ta shiga, ka leƙa kwalbar za ka ga man ya yi kumfa. A ɗaga gaban motar da jak, inji a kashe, a murɗa sitiyari dama da hagu har ƙarshe kamar sau 20 ana ƙara mai, sannan a tayar a sake murɗawa a hankali, kar a danne shi a ƙarshe ya wuce 'yan sakanni. In kukan bai tsaya ba a duba tiyon da ya sauko daga kwalba zuwa famfo, sau da yawa ta nan yake zuƙar iska ko da ba ka ga yoyo ba.