Tasirin magungunan antibayotik a kan kumburin hanyoyin numfashi a ɓerayen gwajin asma

Masu bincike kan jawo wa ɓerayen ɗakin gwaji ciwon asma da gangan don su ga yadda magunguna ke taɓa kumburin huhu. Galibi ɓeraye nau'in BALB/c ake ɗauka, a yi musu allurar obalbumin, wato furotin ɗin farin ƙwai, bayan wasu makonni a shaƙa musu shi. Daga nan a wanke huhun a ƙirga fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, a auna IgE, wani furotin na garkuwar jiki da ke ƙaruwa idan ana fama da alaji, a jini, a duba yawan majina da yadda bututun iska ke tsukewa.

Da aka shigo da antibayotik cikin wannan gwaji, sai sakamakon ya rabu biyu, ya danganta da irin maganin da kuma lokacin da aka ba da shi.

Dangin makrolaid, irin su azithromycin da clarithromycin, suna lafar da kumburin. Wani bincike na 2009 ya nuna azithromycin ya rage ƙwayoyin kumburi a huhun ɓeraye alhali babu wata bakteriya da ta kama su, ke nan aikinsa ya wuce kashe ƙwayar cuta, yana taɓa garkuwar jiki kanta.

Ɗaya ɓangaren ya fi jan hankali. A 2012, masana a Jami'ar British Columbia ta Kanada sun ba jariran ɓeraye wani antibayotik mai suna vancomycin, sai asmarsu ta tsananta: iyosinofil da IgE suka ƙaru, ƙwayoyin da ke tsawata wa garkuwar jiki suka ragu a hanji. Wani antibayotik ɗin da suka gwada, streptomycin, bai yi wani tasirin kirki ba, manyan ɓeraye kuwa ko vancomycin ɗin bai canza musu komai ba. Vancomycin da aka sha ba ya ratsa hanji ya shiga jini sosai, don haka bakteriyar hanji ya ɓarnatar, huhu ya ɗanɗana kuɗarsa. Tun kafin nan wasu masana a Jami'ar Michigan sun ga makamancin haka da wani antibayotik mai suna cefoperazone.

Ɓera dai ba ya kamuwa da asma da kansa, shi ya sa ake taka tsantsan wajen ɗora sakamakon a kan mutum. Duk da haka, gwajin AMAZES na Ostareliya a 2017, kan manyan mutane 420 masu asma, ya nuna shan azithromycin sau 3 a mako na tsawon makonni 48 ya rage yawan tashin ciwon.